Sabuwar kyamara a rana da ƙurar Damagaram

Na ajiye ƙaramar kyamarata mai madubi, irin wadda ke zuwa da gilashi mai tsawon milimita 18-55, na koma Canon EOS R6 wadda ta fito a 2020. Ita ba ta da madubi, kuma farantin da ke ɗaukar haske a cikinta babba ne, milimita 36 a kwance, 24 a tsaye. Gilasai uku nake ɗora mata: RF 24-105 mai f/4 (f lambar ƙofar haske ce, ƙaramar lamba babbar ƙofa), RF 50 mai f/1.8, sai tsohon EF 70-200 mai f/2.8 da ke hawa ta adafta. Maɓallai ba su da wuyar sabo ga wanda hannunsa ya san Canon. Gilasan ne suka ci lokaci, domin kowanne halinsa ya sauya a kan babban faranti.

Ƙaramar kyamara tana ninka tsawon gilashi sau 1.6, shi ya sa 50 a kanta yake gani kamar 80, daidai hoton fuska. A sabuwar, 50 ya dawo 50. In ka tsaya inda ka saba, mutum zai yi ƙanƙani a hoto. In ka matso har ka cika hoton da fuskarsa, hanci ya fito, kunnuwa su ja baya. Don haka hoton fuska na mai da shi kan 24-105, tsakanin 85 da 105. Tsohon 18-55 ma yana hawa ta adafta, amma kyamara za ta yanke gefen faranti, megafiksel 20 su koma ƙasa da 8. Bai da amfani sai in tilas.

Abu na biyu shi ne zurfin abin da ke fita tas. Gilashi 50 a buɗe f/1.8, mutum yana nesa da mita 2, abin da zai fito sarai bai kai santimita 20 ba. Ga amarya ita kaɗai, madalla. Amma in ƙawaye suka jeru sahu biyu, na gaba za su fito, na baya su yi dishi-dishi, kuma ba za ka gane ba a ƙaramin allon kyamara, sai ka buɗe a kwamfuta. Sahu biyu f/5.6 nake sawa, sahu uku f/8, in saita a kan fuskar wanda ke sahun gaba ko na tsakiya. ISO, wato ƙarfin jin haske na faranti, ya hau in ya ga dama. Wannan farantin yana ɗaukar 3200 har 6400 ba tare da hoto ya yi tsaki-tsakin da zai dami mai biki ba.

Ranarmu kuwa sai an yi mata lissafi. Da tsakar rana, ISO 100 da f/16 suna son ƙiftawar 1/100 na daƙiƙa, wato tsawon lokacin da marufin gaban faranti yake a buɗe. Kowane mataki da ka buɗe ƙofar haske, sai ka ninka saurin: f/8, mataki biyu ke nan, yana son 1/400, f/4 yana son 1/1600, f/2.8 yana son 1/3200, f/1.8 kuma ya kai ka 1/8000, iyakar kyamarar ke nan. Matsalar tana fitowa in ka ɗora filasha don ka haska fuskar da hula ko rawani ya yi wa inuwa, domin filasha a yanayinta na kullum ba ta wuce 1/200 zuwa 1/250. Ko dai ka rufe zuwa f/11, ko ka kunna yanayin saurin filasha wanda ke rage mata ƙarfi ƙwarai, ko ka ɗaura baƙar filta mai rage haske. Mafi sauƙi, ka ce da mutum ya shigo zaure, ya tsaya taku ɗaya daga bakin ƙofa yana fuskantar waje. Zaurukan Birni suna ba da hasken da kuɗi ba sa saye.

Inda na fi daɗewa shi ne farar babbar riga da baƙar fuska a hoto guda. Ma'aunin haske na kyamara yana ƙoƙarin mai da komai tsaka-tsaki. In shadda ta cika hoto, sai ya rage haske, riga ta yi toka-toka, fuska ta nutse. In ka biye wa fuska ka ƙara, aikin wuyan riga ya ƙone fari fat, kuma abin da ya ƙone ba a dawo da shi. Abin da ya yi mini aiki: in ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, in kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyalli in ana duba hoto, in ƙara haske har rigar ta fara ƙyallin, sa'annan in ja baya kashi ɗaya cikin uku na mataki. Fuskar sai a ɗaga ta a kwamfuta. Jajayen rigunan dogaran fada suna da irin wannan tarko: jan ne kaɗai ke ƙonewa alhali sauran hoton lafiya lau, rigar ta zama shafe ba lanƙwasa. Sai ka sa jadawalin haske, zanen da ke nuna yadda haske ya rarrabu a hoto, ya nuna launuka uku daban, ka kula da na ja. Launi kuma ba na bar wa kyamara ta zaɓa a waje, don tana sanyaya jan bangon laka. A kan hasken rana, 5200 a ma'aunin launi na Kelvin, nake tsayar da shi.

Saitin da ke bin ido yana da daɗi ga mutum ɗaya ko biyu. A hawan salla ƙofar fadar Sarkin Damagaram kuwa, fuskoki sun yi yawa, ga mahaya da amawali ya rufe musu baki da hanci, sai akwatin saitin ya yi ta tsalle zuwa kan ƴan kallo. A nan kashe shi nake yi, in zaɓi ƙaramin yanki a tsakiya, in sa Servo mai bin motsi, in ɗora yankin a ƙirjin mahayi. Doki mai sukuwa yana son 1/1000 ko fiye. Hoto 12 a daƙiƙa da marufi na ƙarfe ya ishi kowa. Marufin lantarki mara ƙara yana kai 20, amma yana karkatar da abu mai gudu, mashi ya fito a lanƙwashe, kuma ƙarƙashin fitilun ɗakin taro yana jawo ratsi-ratsi. Wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, don haka a ƙarƙashin irin waɗannan fitilu 1/50 ko 1/100 ne lafiya.

Sai ƙura. Kyamara mara madubi, da ka cire gilashi, ba abin da ke tsakanin faranti da iska sai marufi. R6 tana rufe shi in an kashe ta, saboda haka a kashe ta tukuna, a kifa bakinta ƙasa, sabon gilashi yana hannu an riga an kwance murfinsa na baya. Cikin hunturu, ko ranar Alhamis a Kasuwar Dole, ba na canji a fili sam. Tun daga gida nake yanke shawarar gilashin da zan fita da shi. Shi 24-105 yana miƙewa yana komawa in ana zuƙowa, yana shaƙar iska kamar zugazugin maƙeri, don haka a goge bututunsa kafin a mai da shi. Shi 70-200 a ciki yake motsi, ya fi jure wa hazo. Bakinsu ɗaya, milimita 77, filta guda tana yi musu. Na 50 ɗin 43 ne.

Don duba faranti, a sa f/22, a ɗauki farar takarda ba tare da saiti ba, a faɗaɗa hoton: ɗigon da ke zaune wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce. A fara da tsabtacewar da kyamara ke yi da kanta, sai famfon roba na hura iska. Ban da baki, don yawu yana bin iska, ban da gefen riga. Gilashi ma a hura shi kafin a goge, domin ƙurarmu yashi ce, ƙyalle kuma jan ta zai yi ya karce fuskar gilashin.

An ƙera kyamarar ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, bazarar Damagaram kuwa tana wuce hakan a Afrilu da Mayu. Ba a barin ta cikin mota ko kan sirdin babur a rana. Farin ƙyalle a kanta tsakanin ɗauka da ɗauka yana taimakawa. Tagar leƙenta ƙaramin allo ne mai cin wuta, batir ɗaya ba ya kai wunin biki, ina fita da uku a cike tun dare don kar a dogara da wutar safe. Ramin kati biyu ne, na sa ta rubuta kowane hoto a duka biyun. Kati kuma a cikin kyamara ake share shi, bayan an kwashe hotuna zuwa wuri biyu. In za a tura wa mai ɗab'i ta WhatsApp, a tura a matsayin takarda, don in aka tura a matsayin hoto yana matse shi, ƙaramin hoto ne kawai zai fita da kyau a ɗab'i.