Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Tuwo Ya Ƙi Wucewa

Makon jiya na tsaya inda Nana ta kurɓi ruwan sodar da na jiƙa don haɗa sabulu. A gorar ruwan sha na zuba shi, ga shi fari tas. Ɗiyar shekara uku ina za ta bambance?

Kafin mu kai likita, Inna, uwar maigidana, ta ɗura mata manja, ta zura mata yatsa har ta yi amai. Taimako ta yi nufi, Allah ya sani. Daga baya aka gaya mana aman nan ƙuna biyu ne: soda ta ƙone hanyar abinci da za ta sauka, ta sake ƙone ta da za ta fito.

Cikin kwana goma leɓɓanta suka warke, aka sallame mu. Muka koma gida Bagalam, unguwarmu a Maraɗi, maƙwabta na ta barka, har sadakar masa na yi. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Wajen mako na huɗu ta kai lomar tuwo baki, ta haɗiye, sai ta miƙe wuya tana kallona, lomar ta dawo yadda ta tafi. Na ɗauka shagwaɓa ce, har na daka mata tsawa. Wannan tsawar har yau tana cina. Shinkafa ta bi sahu, kunu ma sai na tace shi sau biyu. Da safe in tarar da zanen shimfiɗarta sharkaf da yawu.

Aka tura mu Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, tana kan cinyata ba nauyi. Suka ba ta wani farin ruwa mai kauri ta sha, aka ɗauki hoto. Likitan ya ɗaga shi, ya nuna mini inda farin ya sirance kamar zare.

"Maman Nana, ciwon ya warke, tabonsa ne ke tsuke hanyar. Za mu buɗa ta, amma kaɗan-kaɗan. In muka yi gaggawa sai ta fashe."

Ana sa ta barci, a leƙa da kyamara, a zura siririyar waya, sannan a bi ta da sandunan roba masu laushi, kowace ta ɗara ta baya kauri. Ba a wuce uku a zama ɗaya. Washegari Nana ta shanye rabin kofin fura. Na buga wa Inna waya, kuka ya hana mu magana.

Bayan mako biyu hanyar ta sake tsukewa. Sau biyar muna wannan zirga-zirga, har akuyoyina suka ƙare. A na shida likita ya ce sai an huda ciki an sa mata tiyon abinci, ta yi ƙiba tukuna. Maigida ya sunkuyar da kai, ya ce, "Likita, a bar ni in yi shawara da Inna."

Abin da Inna ta ce, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.