Growing pains: sai an girma ake rubuta shi

A shagon buga takardu da nake aiki kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina, rahotannin Turanci ba sa yankewa: na ƙungiyoyin manoma, na makarantun kuɗi, na masu neman tallafi. Da wuya ka buga shafi biyar ba ka ci karo da growing pains ba, wato ciwon girma.

Asalinsa sunan ciwon ƙafa ne da yara 'yan shekara 3 zuwa 12 suke kuka da shi da yamma ko cikin dare, gari na wayewa su tashi garau. Wani likitan Faransa mai suna Duchamp ya yi bayaninsa a 1823. Likitocin yau ba su samu hujjar cewa girman ne ke jawo shi ba, amma suna ya riga ya bi shi. Daga nan Turawa suka ara suna kiran wahalar da harka ke shiga idan ta bunƙasa da sauri.

Ƙa'idar rubutun ba ta da yawa. Kullum da harafin s a ƙarshe, kuma ba a sa masa kalmar Turancin nan "a" a gaba. Idan harkar sabuwa ce fil, kamar na'urar POS da aka kawo jiya tana ta gardama, teething problems, wato wahalar fitar haƙori, ya fi dacewa.

Inda na fi sa ido shi ne ma'ana. Wanda ya rubuta growing pains ya yi wa mai karatu alkawari biyu: an samu ƙaruwa, kuma matsalar mai wucewa ce. Makarantar da ɗalibanta suka ninka, benci ya yi kaɗan, yara uku suna raba littafi ɗaya, tana da hurumin amfani da shi. Amma wasu sun mai da shi kamar fitar haƙori a bakin iyaye mata, zazzaɓi da gudawa duk a ɗora masa.

Wani dattijo mai makaranta ya kawo rahoto ya kira rashin biyan malamai albashi da wannan suna. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai sun ƙaru bana?"

"Ina fa! Raguwa ma suka yi."

"To, Alhaji, masu ba da tallafin za su duba adadin yara a shafi na gaba."

Ya gyara hula, ya ɗan yi shiru, ya ce in goge in rubuta cewa iyaye ba su biya kuɗin zango na biyu ba.