Kukan tunkiya ne ya sa na sauya lafazin Girkancina

Shekara biyu ina koyon tsohon Girkanci da lafazin Girkawan yau, wanda na ɗauka daga sautukan da na sauke a intanet. Yana da daɗi a baki. Amma ranar da na fara koyar da wasu ɗalibai huɗu, na yi musu shifta, sai asiri ya tonu. Na ce "mu", uku suka rubuta "ku". Ba laifinsu ba ne, domin ἡμεῖς da ὑμεῖς duk "imis" suke fita a wannan lafazi. Rubutu iri shida, η, ι, υ, ει, οι da υι, sun narke sun koma "i" guda.

Wannan ne ya kai ni ga Erasmus, wani masani ɗan ƙasar Holan, da littafinsa na 1528 da aka buga a Basel, wanda ya tsara a matsayin hira tsakanin Zaki da Beyar kan yadda ya kamata a furta Latin da Girkanci. Kafin shi, Antonio de Nebrija a Sifen da Aldus Manutius mai buga littattafai a Venis sun riga sun ta da maganar. Hujjarsu ba ta da wuya: Girkawan zamanin da ba za su ware haruffa daban-daban don sauti ɗaya ba.

Abin da ya gama da ni shi ne tunkiya. Mawaƙi Kratinos na tsohuwar Atina ya rubuta kukanta βῆ βῆ. Da lafazina, "vi vi" ke nan. Na tashi cikin tumaki, ban taɓa jin wadda ta yi haka ba. "Bee bee" suke yi.

Na koma lafazin Erasmus, na raba ε gajere da η mai ja, na raba ο gajere da ω mai ja. Na zaci za a sha wuya, ashe kunnen Bahaushe a shirye yake. Wanda ya san bambancin garin da ake zama da garin tuwo ba ya buƙatar dogon bayani kan wasali gajere da mai ja. Cikin mako uku kurakuran shifta suka ragu sosai.

Na kuma daina raina masu lafazin Girkawan yau. A 1542 Stephen Gardiner, shugaban Jami'ar Kambirij, ya haramta sabon lafazin, irin na Erasmus, da John Cheke da Thomas Smith suke koyarwa, kuma na gane tsoronsa lokacin da na karanta wa wani dattijo Bagirke 'yan layuka da wannan sabon lafazin. Ya yi shiru, sannan ya roƙe ni in sake karantawa yadda ake yi a cocinsu. Na sake, ya bi ni da baki har ƙarshe.