Maƙerar da kakana ya kafa a bakin tashar Gusau

Ina da shagon walda a Gusau, inda nake aiki da yara bakwai muna haɗa ƙyamare da tagogi da garmar shanu, kuma filin da shagon yake a kai shi ne kaɗai abin da ya rage mana daga dukiyar kakana. Shi kuwa bai taɓa ɗaukar wurin a bakin komai ba, domin har ya koma ga Mahaliccinsa idan ya ce "gida", ƙauyensu na ƙasar Katsina yake nufi.

Kakana maƙeri ne ɗan maƙeri, daga gidan da ke haƙo tama ya narkar da ita da kansa. Aiki ne mai cin rai: a sare ƙirya a ƙona gawayi, a gina rahoniya, wato murhun narkar da tamar, a kwana ana tsaron wuta, sannan a sami ɗan dunƙulen ƙarfen da bai wuce na fartanya kaɗan ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, guntayen ƙarfen reluwe da sauran tarkacen Turawa suka fara shiga kasuwanni da araha, sai narkar da tama ta zama wahalar banza. Da layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Gusau da Ƙaura Namoda a 1929, kakana ya ɗaure zugazugi da masaba da awartaki a kan jaki, ya bi fatake da niyyar cin rani ɗaya. Uwar maƙera ma bai ɗauko ba, ya bar wa ƙanensa. Guntun ƙarfen dogo ya samu ya kafa a ƙasa, kuma yana nan a kusurwar shagona har yau, bayansa ya lotsa saboda duka.

Abin da ya tarar ya fi ƙarfin rani ɗaya. Kamfanoni irin su UAC da John Holt suna sayen gyaɗa da auduga, manoma kuma dole su nemi kuɗin haraji a hannu, don haka kowa ya faɗaɗa gona, kowa yana neman galma da lauje. Mahaifina ya ce a gabanin damina tsohon ba ya tashi daga bakin wuta sai don salla.

Yadda ya sami filin shi ne abin da yara ba sa yarda idan na ba su labari. Bai saya ba. Wani mai masaukinsa ne ya kai shi gaban mai unguwa da goron gaisuwa, aka nuna masa wani fage can bayan gari, saboda ba a son maƙera kusa da rufin ciyawa, aka ce ya kafa daga tsamiya zuwa bakin kwari. Shaidarsa mutum uku ne da tsamiyar. A dokar da Turawa suka kafa tun 1910, ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna ne, talaka yana da haƙƙin zama da amfani kawai, kuma a aikace hakimai da dagatai da masu unguwanni ke rabawa a ƙarƙashin En'e. Wannan bai dami kakana ba ko kaɗan, tunda a ganinsa ƙasarsa ta gaskiya tana ƙauye, a gandun mahaifinsa.

A nan ne lissafinsa ya kuskure, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara yana aika kuɗi da fartanyu gida, yana zaton hakan ya tsare masa rabonsa, alhali a al'adar karkara gona ta mai nomanta ce. Da mahaifinsu ya rasu gandu ya watse, ƙannensa suka ci gaba da noma nasu, nasa kason aka ba wani aro, aron ya daɗe har waɗanda suka san aro ne suka ƙare. Lokacin da mahaifina ya je neman gonar, an karɓe shi da mutunci, an yanka masa kaza, an kuma nuna masa cewa babu wanda zai tashi daga inda ubansa ya noma. Ban ga laifinsu sosai ba.

Fagen bayan garin nan kuwa gari ya zo ya same shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta mayar da filayen birni hannun gwamnan jiha, sannan da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996 Gusau ta zama babban birni, darajar wurin ta tashi, magada kuma suka tuna da shi. Mu goma sha ɗaya muka tsaya gaban alƙali. An sayar da kashi biyu cikin uku an raba kuɗin, ni kuma na biya 'yan'uwana mata nasu rabon a hankali, don kada wutar maƙerar ta mutu.

Takardar mallaka na nema ne sa'ad da wani banki ya ƙi ba ni rancen sayen janareto sai da ita. Safiyo ya zo da ma'auninsa ya tambaye ni iyakar filin ta asali, na ce daga tsamiya zuwa bakin kwari. Ya duba, babu tsamiya, kwarin ma an cike shi an yi kwalbati. Sai da na ɗauko wani dattijo maƙwabcinmu a kan babur, wanda yana yaro ya ja wa kakana zugazugi, ya taka da sandarsa ya nuna inda kututturen yake, aka haƙa aka tarar da saiwa, a nan aka kafa siminti na farko.