Mazubin Katako da Sukarin Wasanbon

A birnin Takamatsu na jihar Kagawa, a tsibirin Shikoku, na fara riƙe abin da Japanawa ke kira kashigata, wato mazubin katako na yin alewa. Falle biyu ne na icen ceri na kan dutse, ana haɗa su da 'yan ƙusoshin gora. Sai an bar icen ya yi shekaru yana bushewa kafin masassaƙi ya taɓa shi, don kada ya tsage.

Malamar da ta koya mana ta zuba sukarin wasanbon, wato lallausan sukarin rake na Japan, a kwano, ta ɗiga ruwa ɗan kaɗan, ta ce in murza da hannu in tankaɗe. Da na ga garin kamar bai jiƙu ba, sai na ƙara ruwa. Alewar ta manne a ramin mazubin mai siffar fure, furen ya fito ba kai ba gindi. A karo na biyu na tsaya kan awonta, na danna da babban yatsa sosai, na cire fallen sama, na ƙwanƙwasa gefe, na kifar. Sai ga fure, kowane ganye da jijiyarsa. Kana sa shi a baki ya narke.

Tun daga ranar nake kallon ramin fiye da alewar. Masassaƙin a juye yake aiki: dama ta koma hagu, inda zai yi tudu nan yake yi wa zurfi, kuma dole bakin ramin ya ɗan buɗe don alewar ta zame.

Sana'ar ta bunƙasa ne a zamanin Edo, 1603 zuwa 1868. Da can sukari ta tashar Nagasaki yake shigowa, sai mai hali. Shogun Tokugawa Yoshimune, shugaban mulkin soja na Japan a lokacin, ya ƙarfafa noman rake a cikin gida, kuma a ƙarshen ƙarni na 18 yankin Sanuki, Kagawa ta yau, ya ƙware a wasanbon. Zanen ma magana yake yi: jan kifin nan tai na biki ne, furen bado kuwa na sadakar mamata.

Daga baya na je Kanazawa, inda gidan alewa na Morihachi, wanda aka kafa a 1625, ya jera mazubai sama da dubu don kallo. Na daɗe a gabansu zuciyata ba daɗi, domin masu iya sassaƙa irinsu a yau 'yan ƙalilan ne suka rage a duk Japan. Nawa guda ɗaya da na sayo, ba na bari sabulu ya taɓa shi. Da burushi nake share shi, in ajiye a inuwa.