Tsakanin Yaji da Rumfa: Inda Na Kai a Karatun Tarihin Sarakunan Kano

Assalamu alaikum, 'yan uwa abokan karatu. Na iso kan sarki na 20, Muhammadu Rumfa, a littafin tarihin sarakunan Kano, wanda ake kira Kano Chronicle da Turanci, kuma a nan na dakata. Akwai wani ƙulli tsakanin Yaji da Rumfa da ba na son in tsallake shi ban baje muku shi ba, musamman ku da kuka fara karatun a bayana.

Kayan aikina ba su canza ba. Ina karanta fassarar Hausa da ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi na biyu, wanda aka buga a Zariya a 1933, ina kuma gwama ta da fassarar Turanci da H. R. Palmer ya fitar a 1908. Asalin littafin da Larabci yake, marubucin bai sa sunansa ba. Ya jero sarakuna 48, daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893, shi ya sa ake ganin a zamanin Bello aka haɗa shi yadda yake a hannunmu yau. Wasu masu bincike suna danganta aikin ga Ɗan Rimi Malam Barka, babban bawan sarki na fadar lokacin. A littafin rubutuna kowane sarki yana da shafinsa. Na ja layi na raba shafin gida huɗu: shekarun da aka ce ya yi a kan gado, baƙin da suka zo a zamaninsa, abin da aka ce shi ya fara yi, sai gida na ƙarshe na shaidar waje, wato wani rubutu da ba na Kano ba wanda ya taɓo wannan zamanin. Gidaje ukun farko suna cika da wuri. Na huɗun ne aikin.

Ku fara riƙe wannan. Shekarun nan da muke ji a bakin kowa, Bagauda 999, Yaji 1349, Rumfa 1463, ba marubucin ne ya rubuta su ba. Shi abin da yake bayarwa shi ne tsawon sarauta: wane ya yi shekara kaza, wane wata kaza, Dakauta kwana ɗaya, Atuma kwana bakwai. Palmer ne ya tsaya daga ƙarshen jerin, inda ake da tabbacin shekaru, ya riƙa ɗebewa yana komawa baya har ya dire a kan Bagauda. Kuma lissafin na shekarar Hijira ne. Shi ya sa littafin ya ce Bagauda ya yi shekara 66, amma in ka duba 999 zuwa 1063 sai ka ga 64; Rumfa an ce 37, amma 1463 zuwa 1499 ya ba ka 36. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya, bambancin ke nan. Na zauna da fensir na maimaita ɗebewar da kaina daga Alwali, sarki na 43, zuwa sama, kuma ina ba kowa shawara ya yi hakan ko da sau ɗaya ne. Sai ka yi da hannunka za ka ji a jikinka cewa in sarki ɗaya ya faɗi daga jerin, ko an ƙara wa wani shekara goma, duk wanda ke samansa ya gusa.

To, abin da ya faranta mini rai a wannan zangon shi ne lissafin ya riƙe har zuwa Rumfa. Muhammad ibn Abdulkarim al-Maghili, malamin Tilimsan da ya zauna a Tuwat, ya rubuta wa sarkin Kano wasiƙa a shekarar 897 ta Hijira, wajen 1492, ya kira shi Muhammadu ɗan Yakubu. Malaman jihadi sun kwafe ta a littattafansu, ta haka ta iso gare mu. Littafin Kano kuwa ya ce Rumfa ɗan sarki na 19 ne, wato Yakubu. Ahmad Baba na Tumbuktu, a littafinsa na tarihin malaman Malikiyya, ya ambaci zuwan Maghili Kano da rubutun da ya yi wa sarkinta, sannan ya wuce Gao wurin Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulki a 1493. Ga suna ya yi daidai, ga sunan uba, ga shekara ta faɗa cikin 1463 zuwa 1499. Jerin da aka rubuta shekara ɗari huɗu bayan abin, ya dace da takardar da aka rubuta a lokacin. Duk wanda ya ce muku littafin nan tatsuniya ce zalla, ku nuna masa wannan. Rumfa shi ne turken da nake ɗaure sauran lissafina a jikinsa.

Daga Rumfa zuwa sama kuma, nan ne gida na huɗu yake zama fayau.

Ga ƙullin. Littafin ya ce a zamanin Yaji, sarki na 11, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, su kusan arba'in, shugabansu Abdurrahman Zaite. Ya lissafa sunaye, har da Mandawari da Sheshe da Famori da Gurdumus da Lawal da Auta. Ya faɗi aikin da aka ba kowa: Gurdumus liman, Lawal ladan, Auta mai yanka, Zaite alƙali. Aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar tsafi, masu tsafin suka riƙa zuwa da dare suna ɓata shi, Wangarawa suka yi addu'a, masu ɓatawar suka makance. Da addu'arsu kuma Yaji ya ci garin Santolo da yaƙi. Labari ne mai jiki, kuma sunayen ba su ɓace ba: Mandawari da Sheshe da Zaitawa unguwanni ne a cikin birni har gobe. In kana tafiya a lungunan nan, kana ganin sunan unguwa a jikin allon makarantar Islamiyya ko a bangon masallaci, da wuya zuciyarka ta yarda cewa akwai abin tambaya a labarin.

Amma Wangarawan suna da nasu littafin. Asl al-Wangariyyin, wanda aka rubuta a 1061 ta Hijira, wajen 1650, Muhammad al-Hajj ya buga shi a Kano Studies a 1968. Ya girmi littafin sarakunan da fiye da shekara ɗari biyu. Shi kuma cewa ya yi Shehu Abdurrahman Zagaiti ya baro Mali da niyyar hajji a 835 ta Hijira, wajen 1432, ya iso Kano a zamanin Rumfa, har suka haɗu da Maghili. Mutum ɗaya, littattafai biyu, tazarar fiye da shekara ɗari.

Da sauƙi mutum ya ce tsohon littafin ne mai gaskiya, a rufe magana. Ban yarda a yi saurin haka ba. In Shehun ya fito a 1432 ya haɗu da Maghili wajen 1492, ya yi shekara sittin ke nan a hanya. Kuma wanda ya rubuta Asl yana rubuta asalin gidansu ne, yana da dalilin da zai so kakansu ya zauna kafaɗa da kafaɗa da babban malami a gaban babban sarki. Shi ma marubucin littafin sarakunan yana da nasa dalilin: yana ba da labarin gidan sarauta, kuma tsufan Musulunci a gidan abin alfahari ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shafin Rumfa kansa. Ku buɗe ku karanta a hankali. An ce Sharifai sun zo, shugabansu Abdurrahman, wanda ya yi mafarki da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka umarce shi ya nufi yamma ya kafa addini. Ya ɗebo ƙasar Madina yana gwadawa da ta kowane gari har ta dace da ta Kano. Ya sa Rumfa ya gina masallacin Juma'a, ya sare itaciyar tsafi, a gina hasumiya a wurin. Sai kuma a ƙarshen sakin, a fassarar Palmer, mutumin da ya koma Masar ya bar Sidi Fari a madadinsa an kira shi Abdulkarim. An shiga labari da Abdurrahman an fita da Abdulkarim. Ga Abdurrahman a shafin Yaji, ga Abdurrahman a shafin Rumfa, ga itaciya da masallaci a can, ga su a nan. A ganina marubucin ya tarar da ruwayoyi biyu suna yawo a bakin mutane, ta Wangarawa da ta Sharifai, sun riga sun cuɗanya, ya yi iya ƙoƙarinsa ya ba kowace mazauninta. Abin da na rubuta a gefen shafina shi ne: zuwan Wangarawa ba rana ɗaya ba ne. Fatake da malamai ne da suka yi ta zuwa ayari bayan ayari, ruwaya ta tattara su ta ɗora a kan sunan shugaba ɗaya. Littafin ma ya ba da ƙofar wannan fahimta, domin a zamanin Yakubu ya sake kawo wasu baƙin daga Mali, Fulani, da littattafan tauhidi da na lugga, ya ce kafin nan Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi aka sani. Kuma Kananeji, ɗan Yaji, da yaƙin Zazzau ya tsananta masa, komawa ya yi ga tsafin Cibiri. Marubucin bai ɓoye wannan ba, kuma na ga girmansa a nan.

Na nemi shaidar waje a kan zamanin Yaji. Ibn Batuta ya sauka Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353. Ya ce ana kai jan ƙarfenta Gobir da Barno. Bai ambaci Kano ba. Wannan bai rushe komai ba, matafiyi yana faɗin abin da ya ji ne a masaukinsa, amma bai ƙara wa shafin Yaji komai ba.

Shirun marubuci ma na fara ba shi wuri a littafina. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a littafinsa da aka buga a Italiya a 1550, ya ce Askiya ya kewaye Kano da yaƙi har ya ɗora mata haraji. Littafin Kano bai ce uffan ba. Za ka ce ai bafade ba zai rubuta ranar da aka ci garinsu ba, amma wannan bafaden ya rubuta wahalar da Kano ta sha a hannun Kwararrafa da Katsinawa. Sa'adi kuma, mutumin Tumbuktu da ya bi yaƙe-yaƙen Askiya shekara bayan shekara a Tarikh al-Sudan, ya kawo na Katsina da na Agadas da tawayen Kanta na Kabi, bai kawo cin Kano ba. Littattafai biyu da ba su san juna ba sun yi shiru a wuri ɗaya. Humphrey Fisher ya yi shakkar maganar Leo tun 1978, ni ma can na karkata.

Barbushe da Tsumburbura ban daɗe a kansu ba wannan karon. Abu ɗaya kawai na sa wa alama: an sa a bakin Barbushe cewa wani zai zo da runduna ya mallake su, a gina masallaci. Wanda ya san ƙarshen labari ne yake iya tsara farkonsa haka. Shafukan nan ina karanta su ne don in ji yadda Kanawan ƙarni na 19 suke tuna mutanen Dala, da baƙaƙen awaki da baƙaƙen karnukan da ake kai wa tsafi, ba don in ciro shekara ba.

Amina ma tana jira. Littafin Kano ya sa ta a zamanin Dauda, 1421 zuwa 1438 a lissafin Palmer, ruwayar Zazzau kuma ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, ta kai ta ƙarni na 16. Irin ƙullin Wangarawa ne, kuma da irin wannan hanyar zan bi shi.

Amma kafin ita, Dagaci zan fara kamawa, tunda shi ma a shafin Dauda yake. An ce babban ɗan sarki ne da ya zo daga Barno da mutane da malamai, da tambura da kakaki da tutoci da bindigogi. Bindiga a Kano kafin 1440 ta sa na ɗaga fensir, domin Ahmad ibn Furtu, limamin Mai Idris Alauma, wanda ya rubuta yaƙe-yaƙen ubangidansa a 1576, yana ba da labarin 'yan bindigar Turkawa a matsayin abin da Alauma ya kawo. Barno tana da nata jerin sarakunan, Diwan, wanda Heinrich Barth ya samo kwafinsa a Kukawa, Dierk Lange kuma ya yi masa nazari ya buga a 1977, kuma masu bincike sun daɗe suna haɗa Dagaci da wani Mai da aka tuɓe, Usman ɗan Dawud. Zan jera lissafin Barno a gefen na Kano in ga ko shekarun sun haɗu. In sun haɗu, mun sami abin kamawa shekara talatin ko arba'in sama da Rumfa.

Roƙona ga waɗanda ke cikin birni: in akwai dattijo ko dattijuwa a gidanku da ta haddace Waƙar Bagauda, ku nemi izini ku naɗi muryarta, ku rubuto jerin sarakunan da shekarun yadda ta faɗa, ba gyara. Mervyn Hiskett ya buga ruwaya ɗaya a 1964 da 1965, kuma jerinta ya saɓa da na littafin a wurare da dama. Ina son in ƙara mata gida na biyar a shafukana kafin in shiga Abdullahi ɗan Rumfa.