Ramin kuza da famfon sola

Jiya na raka ƙanwata, ɗalibar Jami'ar Jos, gonar wani dattijo a gefen Bukuru. Daga tsohon ramin kuza yake jan ruwa da famfon sola, yana ban ruwan kabeji da dankalin Turawa. Injin fetur ɗin ma ya jingine shi, duk ya yi ƙura.

Ya ce mata, "'Yata, masu haɗa sola muna da su. Mai auna mana ruwan nan ko da guba, shi muka rasa."

Ita kuwa kimiyyar sinadarai take karantawa, kullum kukanta babu aiki. Ɗalibanmu duk hankalinsu na Abuja, NESREA (hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa) ko ma'aikatar muhalli, alhali ramukan nan birjik har Barikin Ladi. Yanzu dai ta ce a nan za ta yi binciken kammala digirinta.